Darasi: Zaɓen Kebul ɗin Haɗa Kwamfutoci, daga Cat5e zuwa Cat8

Manufofin darasi

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana sa ran zai iya:

1. bayyana abin da ke cikin kebul ɗin haɗa kwamfutoci da dalilin murɗe wayoyinsa;
2. bambance ajin Cat5e da Cat6 da Cat6A da Cat7 da Cat8 ta fuskar sauri da nisa;
3. lissafa lokacin tura fayil da yawan kebul ɗin da aiki zai ci;
4. gane kebul na jabu tun kafin a binne shi a bango.

1. Abin da ke cikin robar

Duk wanda ya shiga banki, ko ɗakin rubuta jarrabawar JAMB, ya ga wani kebul shuɗi ko mai ruwan toka yana fitowa daga bayan kowace kwamfuta yana bin bango. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, cibiyoyin jarrabawa suka yawaita a garuruwan Arewa, ga kuma kyamarorin tsaro da suka cika shaguna da gidajen mai. Duk waɗannan da kebul ake haɗa su, kuma matasa da dama sun samu abin yi da shimfiɗa shi.

In aka yanke robar waje, za a tarar da siraran wayoyi 8 na jan ƙarfe, kowace da rigarta mai launi. An murɗe su biyu-biyu, sun zama tagwaye 4: masu ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa.

Murɗin nan shi ne sirrin kebul ɗin gaba ɗaya. Duk wayar da lantarki ke gudu a cikinta tana watsa ɗan maganaɗisu a kewayenta, wayar da ke kusa kuma sai ta kwashe shi ya gurɓata saƙonta. Haka janareta da injin ɗaga ruwa da wayar wutar gida ke yi wa kebul ɗin da ya bi ta gefensu. Dabarar da aka yi ita ce a aika saƙo ɗaya ta wayoyi biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, na'urar da ke karɓa kuma ta karanta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Da yake wayoyin a murɗe suke, hayaniyar waje tana dukan su daidai wa daida, saboda haka da an ɗauki bambancin sai ta ɓace, saƙon ya rage. Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro tarho, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1881, kuma har yau a kanta ake. Mai lura zai ga cewa tagwayen nan huɗu murɗinsu bai zo ɗaya ba, wani ya fi wani matsewa. Da gangan aka yi haka, don kada su riƙa kwanciya a jere suna jin maganar juna.

> Akwatin kalmomi na 1
> Tagwai: wayoyi biyu da aka murɗe tare suna ɗauke da saƙo ɗaya.
> Kutsen sigina: tsallakawar sigina daga wani tagwai zuwa wani, ko daga wani kebul zuwa maƙwabcinsa.
> Aji: matakin ingancin kebul. Ana rubuta shi a jikin robar da kalmar Cat da lamba.
> Suwic: akwati mai ramuka da yawa inda kebul ɗin kowace kwamfuta ke haɗuwa.

2. Megahaz daban, megabit daban

Lambobi iri biyu ake gani a jikin kwali, kuma masu saye da yawa suna cakuɗa su. Megahaz yana auna yawan kaɗawar siginar da kebul zai iya ɗauka ba tare da ta lalace ba. Megabit a daƙiƙa kuwa yana auna yawan bayanan da suka wuce. Megahaz kamar faɗin titi ne. Yawan kayan da za su wuce ta kan titin kuma ya danganta da irin motocin da aka sa da yadda aka yi musu lodi. Motocin su ne na'urorin da ke bakin kebul ɗin biyu.

Shi ya sa Cat5 da Cat5e, duk da megahaz 100 gare su, ba a ba su aiki ɗaya ba. Shi ya sa kuma a 2016, da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da sabon tsari, tsohon Cat5e da ke kwance a bango ya fara ɗaukar gigabit 2.5 ba tare da an taɓa shi ba. Na'urorin aka canza.

> Akwatin kalmomi na 2
> Bit: mafi ƙanƙantar bayani a kwamfuta. Bit 8 ke yin bayit 1.
> Megabit: bit miliyan 1. Gigabit: megabit 1,000.
> Da bit ake auna saurin layi, da bayit ake auna girman fayil.

Misali na 1. Wani mai haɗa finafinai a Kano yana da hoton bidiyo mai girman gigabayit 50, zai tura shi daga kwamfutar aiki zuwa wadda yake adana kaya. Da farko sai a mayar da bayit zuwa bit: 50 × 8 = gigabit 400, wato megabit 400,000. A layi mai megabit 100, 400,000 ÷ 100 = daƙiƙa 4,000, wato awa 1 da minti 6 da daƙiƙa 40. A layi mai gigabit 1, daƙiƙa 400, wato minti 6 da daƙiƙa 40. A layi mai gigabit 10, daƙiƙa 40 kacal. Wannan lissafin takarda ne. A zahiri lokacin kan ɗan fi haka, musamman idan ma'adanar kwamfutar tsohuwa ce mai nawa.

3. Azuzuwan kebul

Fasahar Ethernet, wadda duk waɗannan kebul ke yi wa aiki, an ƙirƙiro ta a 1973 a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Amurka, a hannun Robert Metcalfe da abokan aikinsa. A 1990 aka amince da tsarin tura ta a kan murɗaɗɗiyar waya da saurin megabit 10 a kan Cat3. A 1995 megabit 100 ya zo tare da Cat5. Waɗannan biyun sun zama tarihi, ba mai shimfiɗa su a sabon aiki.

*Cat5e.* A 1999 aka fitar da tsarin gigabit 1, wanda ke amfani da dukkan tagwaye 4 a lokaci guda. Sai aka tsaurara sharuɗɗan kutsen sigina a kan Cat5, aka samu Cat5e. Yana kai gigabit 1 har mita 100, da na'urorin zamani kuma gigabit 2.5. Ofishin da ke da lafiyayyen Cat5e a bango ba shi da dalilin fasa siminti don kawai an ce masa ya tsufa.

*Cat6.* Ya fito a 2002 da megahaz 250. Jan ƙarfensa yakan fi kauri kaɗan, murɗinsa ya fi matsewa, kuma yawancinsa yana da wata roba mai siffar gicciye a tsakiya da ke raba tagwayen. Yana kai gigabit 1 cikin sauƙi, yana kai gigabit 5 har mita 100. Inda ake yawan ruɗewa a kansa shi ne batun gigabit 10. Dillali zai ce Cat6 yana yin gigabit 10, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba: iyakarsa mita 55 ce a yanayi mai kyau, in kuwa an ɗaure shi dami guda da wasu kebul masu yawa, tana iya sauka zuwa mita 37. Abin da ke karya shi a wannan sauri shi ne kutsen da ke zuwa daga kebul ɗin da ke maƙwabtaka da shi, wanda na'ura ba ta iya hasashensa balle ta share shi.

*Cat6A.* Don magance wannan matsala aka fitar da shi a 2008, shekara biyu bayan tsarin gigabit 10 na 2006. Megahaz 500 gare shi, kuma yana kai gigabit 10 har cikakkiyar mita 100. Kaurinsa da taurinsa sun fi na Cat6, yana cin wuri a fayif, yana ba hannu wuya wajen lanƙwasa, kuma ya fi tsada. Amma kebul ɗin da aka binne a gini yakan shekara 10 zuwa 15 ko fiye, ya ga tafiyar kwamfutoci da suwic da yawa. Kuɗin leburan da za su sake fasa bango ya fi bambancin farashin kwali nesa ba kusa ba. Asibiti, jami'a, ko duk wani sabon gini mai hawa, Cat6A ya dace da su.

*Cat7.* Nan ne kasuwa ta fi yaudara. Cat7 na gaskiya yana nan, megahaz 600, kowane tagwai da sulkensa na takardar alminiyam, sannan ga wani sulken a kan duka. Hukumar ISO ta duniya ce ta tsara shi, ƙungiyar TIA ta Amurka kuwa ba ta taɓa karɓarsa ba. An yi shi ne da kawuna na musamman irin su GG45 da TERA, waɗanda ba su ne ke bayan kwamfutocin mutane ba. Siririn kebul mai faɗi da ake tallatawa a intanet an rubuta Cat7, ga kan RJ45 na yau da kullum a bakinsa, suna ne kawai ya ara. Ko na gaskiyar ma gigabit 10 yake bayarwa, daidai da Cat6A. Haka nan duk kwalin da aka rubuta Cat6e: babu wannan aji a cikin ƙa'ida.

*Cat8.* Megahaz 2,000, gigabit 25 ko 40, amma mita 30 kawai. A 2016 aka fitar da shi don manyan rumbunan adana bayanai, inda ake haɗa na'urorin da ke jere a ɗaki ɗaya. Ba shi da aiki a shago ko gida.

Misali na 2. Mai shagon buga takardu yana biyan kuɗin intanet mai megabit 50. Abu ya yi masa nawa, sai aka ba shi shawarar ya sayi Cat8. Cat5e ɗin da yake da shi yana ɗaukar megabit 1,000, wato 1,000 ÷ 50 = ninki 20 na abin da kamfanin ke aiko masa. Ko ya sayi Cat8, megabit 50 ɗin nan zai ci gaba da gani. Saurin layi yana tsayawa ne a kan abin da ya fi rauni a cikin jerin: kamfanin intanet, rawuta (na'urar da ke raba intanet), suwic, kebul, ko ramin da ke jikin kwamfutar. Kafin a kashe ko sisi, a duba lambar da ke jikin kowannensu.

4. Mita 100, da zafin rana

Ƙa'idar nisa daga suwic zuwa kwamfuta mita 100 ce, amma a rabe take. Mita 90 na kebul ɗin da aka shimfiɗa a bango ko silin, mita 10 kuma na gajerun kebul masu laushi da ke haɗa soket da na'ura a ɓangarorin biyu.

Akwai wani sharaɗi da littattafai da yawa ke wucewa da sauri, alhali a ƙasar Hausa shi ne babba. An auna mita 90 ɗin nan ne a ma'aunin zafi 20. Jan ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tauye lantarki, sigina ta raunana tun ba ta isa ba. Ga kebul marar sulke, ƙa'idar TIA ta rage nisan zuwa kimanin mita 84 a zafi 40, da mita 75 a zafi 60. A Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri, iskar waje kanta takan haura 40 a watan Afrilu, balle cikin silin da ke ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Layin da ke aiki lafiya da asuba ya riƙa yankewa bayan azahar, sau da yawa nan matsalarsa take, mai gida kuma yana can yana zargin kamfanin intanet.

Misali na 3. A wani asibiti ana son kai layi ɗakin gwajin jini. Ta cikin silin, nisan mita 88 ne. A takarda ya shiga cikin mita 90. In zafin silin ya kai 40, iyaka ta koma 84, an wuce da 88 − 84 = mita 4. Mafita ita ce a matso da suwic tsakiyar ginin, ko a sa ƙaramin suwic a rabin hanya, layin ya rabu gida biyu na mita 44.

Tsakanin gini da gini kuwa, jan ƙarfe ba abin dogaro ba ne. Rana tana busar da robar kebul ɗin cikin gida har ta tsattsage, tsawar damina kuma tana bin jan ƙarfe ta ƙona suwic a ɓangarorin biyu. Kebul ɗin faiba, mai tura haske ta zaren gilashi, ba ya ɗaukar lantarki, shi ya dace da wannan gurbi.

5. Jan ƙarfe na jabu

Kwalin kebul yana zuwa da mita 305. Idan aka ga kwali biyu, duka an rubuta Cat6, amma ɗaya ya kusa rabin kuɗin ɗaya, to a tsaya a bincika. Mai arahar galibi alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, wanda ake kira CCA. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne na lantarkin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da shi, kuma yana saurin karyewa. Ƙa'ida ba ta yarda da shi a kowane aji ba, ko me aka buga a jikin robar.

Haɗarinsa ya fi fitowa a inda kebul ɗin ke ɗauke da wuta. A yau kyamarorin tsaro da na'urorin Wi-Fi na silin da yawa ta kebul ɗin bayanai suke samun lantarkinsu. Tsarin PoE na farko, na 2003, yana ba da wat 15.4, na 2009 wat 30, na 2018 kuma har wat 90. A kan alminiyam, wani kaso na wutar nan yana zama zafi a hanya. Sai a ga kyamara tana aiki da rana, da dare kuwa, da fitilunta na gani a duhu sun kama sun ƙara jan wuta, sai ta mutu, daidai lokacin da aka saye ta dominsa.

Gane shi ba wuya. A kankare waya ɗaya da reza: jan ƙarfe ja ne har ciki, jabu kuwa fari zai bayyana. A lanƙwasa ta gaba da baya, jabu zai karye da wuri. A ɗaga kwalin, na jabu ba shi da nauyi. Mai aikin da ya san darajar sunansa a gaban dillali yake yin gwajin nan, kafin ya biya.

> Akwatin kalmomi na 3
> CCA: wayar alminiyam mai rufin jan ƙarfe.
> PoE: tura lantarki da bayanai ta kebul ɗaya.
> Sulke: takardar alminiyam ko saƙar ƙarfe da ke kare wayoyi daga hayaniyar waje. Dole a haɗa shi da ƙasa; a ginin da ba shi da wayar ƙasa mai kyau, amfaninsa kaɗan ne.

6. Hannun mai aiki

Kebul mai tsada a hannun mai gaggawa yana komawa ƙaramin aji. Wajen sa kai ko soket, kada a warware murɗi fiye da milimita 13. Kada a lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwa, kada a fizge shi in ya maƙale a fayif, kada a matse shi da ƙusa, kada kuma a zura shi fayif ɗaya da wayar wuta. Soket da kai da gajeren kebul su ma suna da aji: Cat6A da aka ƙarasa da soket na Cat5e, aikin Cat5e zai yi.

Jerin launuka iri biyu ne, T568A da T568B, kuma duka daidai ne muddin an riƙe ɗaya a ginin gaba ɗaya. Jerin T568B, wanda aka fi gani, shi ne: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Akwai alamar da ya kamata ɗalibi ya haddace. Megabit 100 tagwaye 2 kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duka 4. In kwamfuta da suwic duk na gigabit ne amma layi ya tsaya a 100, to akwai yiwuwar waya ɗaya cikin shuɗi ko ruwan ƙasa ba ta zauna a kai ba. A sake yanka, a sake matsewa, a gwada da na'urar gwaji.

Misali na 4. Makarantar koyon kwamfuta za ta haɗa kwamfutoci 24. Mafi kusa mita 15, mafi nisa mita 45, tsaka-tsaki (15 + 45) ÷ 2 = 30. A ƙara mita 3 a kowane layi don saukowa da gyara: 33 × 24 = mita 792. A ƙara kashi 10 cikin 100 na asarar yanka: kimanin mita 871. Sai 871 ÷ 305 = 2.86, wato kwali 3. Da yake ba layin da ya kai mita 55, Cat6 na jan ƙarfe zalla ya wadatar da su yau, zai kuma iya ɗaukar gigabit 10 nan gaba in ba a cunkusa kebul ɗin dami guda ba.

Ga gida da shago da ƙaramin ofis, Cat6 ya isa. Ga dogon layi da ginin da ake son ya daɗe, Cat6A. Kuɗin da za a zuba a Cat7 ko Cat8 gara a sayi suwic mai kyau da kebul na jan ƙarfe na gaskiya da shi.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa ake murɗe wayoyin kebul biyu-biyu, kuma me ya sa murɗin tagwayen bai zo ɗaya ba?
2. Ku bambance megahaz da megabit, ku kawo misalin kebul ɗin da saurinsa ya ƙaru ba tare da an canza shi ba.
3. Fayil mai gigabayit 15 zai ɗauki daƙiƙa nawa a layi mai megabit 100? A mai gigabit 1 fa?
4. Ana son gigabit 10 a nisan mita 70. Tsakanin Cat6 da Cat6A da Cat8, wanne za ku zaɓa? Ku faɗi abin da ya hana sauran biyun.
5. Layi mai mita 80 zai bi ta silin da zafinsa ke kai 60. Ya cika ƙa'ida? In bai cika ba, me za a yi?
6. Ku kawo hanyoyi uku na gane kebul ɗin CCA a kasuwa.
7. Kwamfuta da suwic na gigabit ne, amma layi yana nuna megabit 100. Ina za ku fara dubawa?
8. Aikin gida: ku nemo guntun kebul, ku kwafo abin da aka rubuta a jikin robarsa, ku fere shi ku jera wayoyin bisa tsarin T568B, ku zo da shi aji mako mai zuwa.